Jif ɗin Baba: a tayoyi huɗun nan, ɗaya ce taka

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a Kano, shekarata 38. Mahaifinmu ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar Land Cruiser ƙirar 1994, mai fetur, mai nozul, giyar hannu, wadda ya sayo daga Kwatano a 2001. An raba gida da gona, motar kuwa aka ce a bar ta tukuna, aka kawo ta gidana don ni ke da fili. Mu biyar ne, ni da yayana da ƙannenmu mata uku, ga Hajiya tana raye. Tun da aka ajiye ta ba a sake tayar da ita ba. Kafin nan ma tana yin zafi a doguwar tafiya, kuma wani baƙin maiƙo na zubowa ta bayan tayoyin gaba. Ina da ɗan hannu a gyare-gyare, na tara naira miliyan biyu, ina son in gyara ta da kaina a gida: in ɗaga ta, in sa manyan tayoyi da ƙarfen gaba da fitilu masu haske, in sake fenti da kujeru. Matata ta ce na yi mata kishiya, ta cinye tsakar gida yanzu kuma za ta cinye kuɗi. Yaya ya ce a sayar a raba. Ni kuwa in na buɗe ƙofarta har yanzu ƙamshin turaren Baba nake ji. Yaya zan yi?

Mai karatu daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa, Ya kyautata namu zuwan.

Kafin mu buɗe bonet, zo mu ƙirga tayoyi. In lissafin yadda ka faɗa yake, mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, kuma iyayen Baba sun riga shi gidan gaskiya, to rabon ba shi da wuya. Hajiya na da tumuninta, kashi ɗaya cikin takwas. Bakwai ɗin da suka rage, kowace ƙanwa ta ɗauki ɗaya, kai biyu, Yaya biyu. Biyu cikin takwas kuwa rubu'i ne. Wato a tayoyi huɗun da motar nan ke tsaye a kansu, ɗaya ce taka, ga shi kana shirin zuba guminka a kan duka huɗun.

Yau da take kwance cikin ƙura ba mai waiwayarta sai Yaya. Amma ran da ta fito tana sheƙi aka gan ka da ita a wurin ɗaurin aure, ran nan wani suruki zai tuna ashe matarsa na da kaso a ciki, kuma kason wadda ta tashi zai nema, ba na wadda ta mutu ba. Haka dukiyar da ba a raba ba take. Shi ma Yaya kada ka ɗauke shi wanda bai san darajar Baba ba. Haƙƙinsa yake nema bayan haƙurin shekara uku, ƙila ma yana da wata lalura da bai faɗa maka ba.

Ka taka ka je wurin Hajiya, ba ta waya ba, ka ce kana son sayen kason kowa. A kira dillalai biyu, kowa da ranarsa, su yi wa motar kuɗi yadda take a kwance. A zauna da malamin da ya raba muku gida da gona ya tabbatar da lissafin. Wanda za ka biya nan take ka biya, wanda ya yarda da biya kaɗan-kaɗan a sa lokaci, a rubuta, da shaidu. In ƙannenka suka ce sun bar maka, kada ka yi saurin godiya. Mace na iya yafe kasonta a gaban yayyenta don kunya, ta koma ɗakinta abin na cin ta a rai. Ka bi kowacce ita kaɗai, ka miƙa mata kuɗinta a hannu. In ta mayar maka, kyauta ta tabbata. Daga nan a sauya takardun motar zuwa sunanka.

Sai dai ba a cinikin biri a sama. Kafin dillalai su zo, ka nemi izinin 'yan'uwa su ba ka mako biyu ka bincika lafiyarta, kuma duk abin da ka gano, mai daɗi da marar daɗi, ka faɗa musu.

Motar da Baba ya bari ba ta wasa ba ce. Toyota na kiran irinta jerin 80, an ƙera su daga 1990 zuwa 1997, a farantin da ke cikin bonet za ka ga an rubuta FZJ80. Injinta silinda shida ne a jere, lita 4.5, gangar jikinsa baƙin ƙarfe, kansa alminiyam, kuma sarƙa ke juya masa taimin, ba bel ba. Gaba da baya aksul ne ɗungurungum a kan sifirin mai naɗi. Komai nata babba ne, a fili, hannu na isa gare shi, shi ya sa ta dace da mai koyon gyara a gida. Toyota ta ci gaba da sa wannan injin da kusan wannan shasin a jerin 105 har zuwa 2007, don haka kayan inji da na ƙafa ba su ɓace a kasuwa ba.

Makulli dai ka bar shi a aljihu tukuna. Fetur ɗin da ya shekara uku a tanki ya zama wani abu mai danƙo da wari kamar fenti, in famfo ya tura shi cikin nozul ka sayi sabon aiki. A zuƙe shi duka, da ɗan famfon hannu, ba da baki ba, kuma nesa da murhu da tukunyar gas. Ka buɗe akwatin matatar iska, don ɓeraye na son wurin, ka bi wayoyi da tocila ka ga inda suka ci. Ka zubar da tsohon baƙin mai, ka sa sabo da sabuwar matata, wajen lita bakwai yake sha. Ka cire fulogi shidan, ka ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana, washegari ka sa sifana a babban notin gaban inji ka juya shi da hannu zagaye biyu. In ya juya sumul, alhamdulillahi. In ya cije, kada ka tilasta masa da kik. Bayan haka sai batir, ka cire fis ɗin famfon fetur, ka yi kik na 'yan daƙiƙu sau biyu sau uku don baƙin mai ya zagaya, sannan ka mayar da fis da fulogi ka tayar. A fili za ka yi wannan, hayaƙin salansa ɗan'uwan hayaƙin janareta ne.

Da ta tashi ta ɗumama, abu biyu ne za su yanke hukuncin ko a saye ta ko a bar wa dillali. Na farko shasi. Ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta cika cin mota ba, amma wannan 'yar Kwatano ce, ƙila ta yi ƙuruciyarta a Turai inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Ka shiga ƙarƙashi da ƙaramar guduma ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa amo ne kamar ka daki kwali. Ka duba da kyau inda akwatin sitiyari ya ɗaure da shasi, wurin yana tsagewa a irin waɗannan motoci. Na biyu awon matsin silinda. Ma'aunin ba shi da tsada, kanikawa da yawa suna da shi. Inji da ɗuminsa, fulogi duka a cire, totur a buɗe, a auna ɗaya bayan ɗaya. Littafin Toyota ya sa psi (awon matsi) 171 a matsayin lafiya, 128 mafi ƙaranci, kuma kada tazarar silinda da silinda ta wuce 14. In shasi ya ruɓe ko gangar inji ta tsage, ka yi mata sallama, ka cire carbin Baba da ke rataye a madubi in akwai, a sayar a raba. In ba haka ba, duk sauran ciwukanta masu warkewa ne.

Zafin da ka ce tana yi shi ya fi tsaya mini a rai. Wannan injin yana jure komai ban da zafi. Dogo ne, kuma alminiyam ɗin kansa ya fi baƙin ƙarfen jikinsa saurin buɗewa in ya ji wuta, gasket ɗin da ke tsakaninsu shi ke shan wahalar wannan ja-in-ja. Yawanci ta wajen silinda ta shida yake sallamawa, ta can baya kusa da dashbod. Alamominsa: ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto in inji na aiki, farin hayaƙi mai ɗan zaƙi-zaƙi a salansa, ko murfin baƙin mai ya yi wani kitse kamar shayi da madara. Akwai wani shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin lagireto, in iskar ƙuna na shiga ruwan sai ya koma ruwan ɗorawa. Murfin lagireto kuma da sanyi ake buɗe shi, ba ya buɗuwa da zafi sai ya tafi da fatar hannu.

In gasket lafiya, to ka sabunta hanyar ruwa gaba ɗaya, kada ka bi ta ɗaiɗai. Lagireto mai kan roba da ya haura shekara ashirin ba abin lallashi ba ne. Famfon ruwa, murfi, bel, da kowane tiyo. Akwai wani ɗan guntun tiyo, tsawonsa bai kai tafin hannu ba, a ɓoye can bayan inji ta gefen da kik yake. Ba a ganinsa sai an cire taya an leƙa, shi ya sa ba wanda ke canja shi, kuma in ya fashe a kan hanya ruwan inji na tsiyayewa kafin direba ya ankara. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Za ka zage shi, zai kuje maka hannu, amma ka canja shi. Fankar gaba ma tana da wani kuloci mai ɗauke da man silikon, in ya tsufa sai ta riƙa juyawa a banza ba ta jan iska. Za ka gane haka in inji ya yi zafi amma ba ka ji gurnanin fanka ba.

Ina kyautata zaton in ka buɗe gidan tamostat, ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, za ka tarar ba kowa a ciki. Al'adar garejinmu ce, mota na zuwa da zafi a cire shi a jefar, a ce ai na ƙasar sanyi ne. Littafin Toyota da kansa ya hana cire shi ko da inji na zafi, don cire shin na rage ƙarfin sanyaya injin, ga kwamfutar motar tana ganin inji bai ɗumama ba ta yi ta ƙara masa fetur. Ka mayar da shi, na asali. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuma a daina ɗura mata, gishirinsa ke toshe lagireto. Ruwan sanyaya inji na kanti za ka sa, in mai buƙatar sirki ne ka sirka da tataccen ruwa. Yana da zaƙi kuma guba ne, kada ka bar shi a buɗaɗɗen kwano inda yaro ko akuya za su kai baki.

In kuwa gasket ya tafi, ana iya yinsa a gida, amma ba da shi ake fara koyo ba. Kan injin nan mutum ɗaya ba ya ɗaga shi, dole a kai shi wurin masu injin gogewa su auna ko ya lanƙwashe, notukansa kuma da jerinsu da awonsu ake ɗaure su. Ka ɗauko bakaniken da ya san Land Cruiser ya zo gida, ka biya shi, kai kuma ka zama yaronsa na kwana uku: kai ne miƙo sifana, kai ne wankin kaya, kai ne riƙe littafi. Malamin makaranta ya koma ɗalibi ba abin kunya ba ne.

Baƙin maiƙon bayan tayoyin gaba kuwa sanannen ciwonsu ne, kuma shi ne aikin da zan so ka yi da hannunka. A kowane ƙarshen aksul na gaba akwai wata ƙwarya ta ƙarfe, a cikinta akwai gaɓar da ke ba taya damar juyawa tana kuma lanƙwasawa, ana ce mata Birfield. Ita giris take so, tsakiyar aksul kuma man giya yake so, wani ɗan zoben roba ne ya raba su. In zoben ya tsufa sai man giya ya ketaro ya narkar da giris, su zama kunu, su riƙa tsiyaya. In an bari sai gaɓar ta bushe, ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas a kwana, wani lokacin maiƙon ya kai ga birki. Ana sayar da kayan gyaran a haɗe: zobba, gasket, boris na sama da na ƙasa. Za ka buƙaci soket mai lamba 54, sifana mai awon ɗauri, ɗan sikelin rataye irin na masu kifi don auna taurin juyawar, giris baƙi mai moli na gaɓar, da giris na boris daban. Tsumma kuwa ka tanadi buhu. Gefe ɗaya za ka kwance, ka gama, sannan ka taɓa ɗayan, don in ka rikice ka je ka leƙa wanda ke haɗe. Akwai wasu siraran faranta a ƙarƙashin murafen boris, kowanne ya koma inda ya fito. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane abu. In ka gama ka zuba sabon man giya mai lamba 80W-90, ka kuma buɗe ɗan bututun numfashi da ke saman aksul, toshewarsa ce ke tura mai ya fasa zoben tun farko. Aikin kwana huɗu zai ishe ka.

Tunda mun zo shiga ƙarƙashi, ga maganar da ba na sassautawa a kanta. Motar nan ta haura tan biyu. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a kwanciya a ƙarƙashin abin da jak ke riƙe da shi. Bulon siminti kuma ba ya gargaɗi, rugujewa yake yi lokaci guda. Ka sayi ƙafafun ƙarfe da aka yi don ɗora mota, masu ƙarfin da ya ninka nauyinta, ka kafa su a daɓen siminti ba a kan yashi ba, ka sa waigi a tayoyin da ke ƙasa, ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin shasi. Ka cire baƙar wayar batir kafin ka taɓa wuta ko fetur. Yara kuma a shata musu layi. Waɗannan ƙafafun ƙarfe su za ka fara saya, kafin kowane sifana.

Birki ba sai na tsawaita ba. Man birki na shan danshi, bayan shekara uku fistin ɗin birki sun cije ko suna dab da cijewa. A wanke su, a sa sabbin robobi da fad, a canja tiyoyin roba, a zuba sabon mai DOT 3 har sai tsohon ya fita tas. Tayoyin ma ko da zanensu na nan, rana ta gama da su. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu: 2316, misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2016. Ka duba na sabbin ma kafin ka biya, ana sayar da tsohuwar ajiya da sunan sabuwa. Sai tayirod da bushin da shokozoba, duk wanda ke wasa a canja.

Wajen sayen kaya, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka shiga Kofar Ruwa da tsohon abin a leda da lambar shasi a takarda. Ƙa'idata ita ce, duk abin da roba ne, ko boris, ko gasket, ko na birki, sabo kuma na asali. Abin da ƙarfe ne zalla, kamar kik, altaneto, ƙofa, gidan fitila, ɗan Beljiyam ya wadatar, sau da yawa ma ya fi sabon jabu. Koyo a boris, Aisin a famfon ruwa, Denso a fulogi, su ne dai ke yi wa Toyota tun asali. Amma kwalin ma ana buga na ƙarya, in ka ji farashi ya faɗi warwas ka ajiye ka ƙara gaba.

Yanzu ga jerin burinka. Ka lura har yanzu ban kai ga ko ɗaya a ciki ba, kuma kuɗin sun kusa ƙarewa. Ɗaga mota ba sa dogon sifirin kawai ba ne. Ko inci biyu ka ɗaga, kusurwar aksul na gaba na sauyawa, sitiyari ya fara yawo a kan kwalta sai an gyara kusurwar. A baya akwai wani bawul da ke auna nauyin kaya ya raba ƙarfin birki, in ka ɗaga ba ka daidaita shi ba sai ya ɗauka motar ba kowa a ciki, ya rage birkin baya. Doguwar mota kuma ta fi saurin kifewa in aka kauce wa rami da gudu. Manyan tayoyi na ƙara shan mai, su ƙara tsawon tsayawar birki, su sa agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi. Duk wannan don me? Motar da aka ƙera ta ratsa Sahara yadda take, wace hanya ce tsakanin gidanka da ƙauyenku za ta gagare ta? Sifirin ɗinta na shekara talatin sun zauna, in ka sa sabbi masu tsayin asali za ka ga ta miƙe da kanta har ka yi zaton ɗaga ta aka yi. Ƙarfen gaba nauyi ne a kan boris ɗin da ka gama gyarawa, kuma a cikin gari mai babur da mai tafiya a ƙasa yake illatawa. Fitilu kuwa, ka wanke gilasansu, ka sa sabbin ƙwai da rile, ka saita su. Fararen ƙwan nan masu kashe ido da ake cusawa a tsohon gidan fitila watsa haske suke yi, su makantar da mai tahowa, shi kuma kanka zai yo.

In ƙari kake so, na farko a wurina ƙaramin agogon zafin ruwa ne mai nuna lamba. Allurar dashbod ɗin motar nan tana zaune a tsakiya ko inji na ɗumi ko ya fara wahala, ba ta motsawa sai abu ya yi nisa. Na biyu kuma esi. A watan Afrilu, Kano na kai maki 40, kuma ina tabbatar maka in uwargida da yara suka shiga suka ji sanyi, sunan kishiya zai fara sauyawa. Fenti da kujeru su jira baɗi. Kujerun ma in ba yagewa suka yi ba, me kake ci na baka na zuba? Kai da ka ce ƙamshin Baba kake ji a ciki, da sabuwar leda za ka kore shi.

Sai maganar ciyar da ita. Lokacin da Baba ya sayo ta a 2001 litar fetur ba ta kai naira talatin ba. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin ya zama wani abu daban. Lafiyayyar irinta na yin kilomita biyar zuwa shida a lita, a cunkoson gari ma ƙasa da haka. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, lita arba'in ke nan, zuwa da dawowa ka kusa shanye tankinta mai lita 95. Ka buga wannan da farashin yau ka ajiye kusa da albashinka. Ba motar zuwa makaranta kullum ba ce, ta Sallah ce da zumunci da kai Hajiya ƙauye. Za a ba ka shawarar a sauke injin a ɗora na dizal ko wani ƙarami, kada ka saurara, gyaran gangar Abzinawa ne. Mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG abin dubawa ne nan gaba, bayan inji ya warke, amma a cibiyar da hukuma ta amince da ita, da tukunyar da aka ƙera don haka. A Oktoban 2024 wata tukunyar da aka haɗa da walda ta fashe a gidan sayar da gas a birnin Benin na jihar Edo, ta raunata mutane. Wannan ba aikin tsakar gida ba ne.

Ita kuwa mai ɗakinka, ta fi ka gaskiya a yanzu, kuma na san abin da take hangowa don na taɓa zama kai. Wata tsohuwar Peugeot 504 na kwance a gidana da niyyar in gama cikin hutu ɗaya. Na cire gaba, kafin in mayar na ce bari in leƙa baya, na zuba notuka a gwangwanayen madara ba rubutu. Damina biyu ta yi a kan duwatsu, kaza ta yi ƙyanƙyasa a kujerar baya, inda iyalina ke shanya ya zama gareji. Ƙarshe 'yan gwangwan suka auna ta a sikeli. Har yau in muka yi saɓani sai an tuna mini da ita. Matarka ba motar take ƙi ba, tsoron irin wannan take yi, da tsoron ranar da kuɗin makarantar yara zai koma lagireto.

Ka zaunar da ita ka faɗa mata abin da ka faɗa mini game da turaren nan, don ina zaton ba ka taɓa faɗa mata ba. Sannan ku yi yarjejeniya da baki ɗaya: ga abin da za a riƙa kashewa a wata, ba ya taɓa cefane ko kuɗin makaranta ko na asibiti, ga kusurwar da motar za ta tsaya, ga inda ba ta ketarewa, ga ranar aiki, Asabar kawai, ba kowane dare ba, ga watan da in ya zo motar ba ta hau titi ba za a kira dillali ba tare da gardama ba. Ita ta riƙe littafin kashe kuɗin. Kai kuma ka ɗaukar wa kanka doka ɗaya, ba ka kwance sabon wuri sai ka haɗa wanda ka kwance. Tsohon baƙin mai ka tara a jarka, akwai masu saye, kada ya bi kwata ko ya kusanci rijiya. Ka shimfiɗa kwali ko tsohon buhu kafin ka fara, don maiƙo a daɓen tsakar gida ba ya fita, kuma ba kai ke shara ba.

Wannan Asabar ɗin, wurin Hajiya. Ta sama, tanki da fulogi. In ka yi awon silinda ka aiko mini lambobin shida a jere, daga ta gaba zuwa ta baya, tare da abin da ka tarar a gidan tamostat. Ta shidan nake son gani.